Ƙato da Danginsa

Ƙamus mai bin jerin haruffa ba ruwansa da ma'ana. Auduga yake zaunarwa kusa da aure, makaho kusa da makaranta, sarki kusa da sarƙa, ba don komai ba sai don haruffansu na farko sun zo ɗaya. Tsarin yana da ranarsa: in ka san kalmar, kafin ƙiftawar ido ka same ta. Sai dai marubuci ba kasafai yake zuwa da kalma a hannu ba. Da ma'ana yake zuwa, kalmar ce ta ɓace masa. Yana so ya ce abu babba ne, "babba" ta yi masa lami, "ƙato" ta yi masa gama-gari, ya san akwai wata can da ta fi zama daidai, amma a, ba, ca, da ba za su kai shi wurinta ba.

Malaman da sun san wannan ciwo. A Naisabur, Sa'alibi, wanda ya rasu a 1038, ya jera kalmomin Larabci babi-babi bisa ma'ana a littafinsa Fiƙhul Luga. A Andalus, Ibn Sida, makahon malamin nan na Mursiya da ya rasu a 1066, ya yi Al-Mukhassas, ya fara da halittar ɗan Adam, ya bi ta kan tufafi da abinci da makamai da dawakai da raƙuma. A Landan wani likita, Peter Mark Roget, ya fitar da nasa a 1852, inda ya kasa kalmomin Ingilishi manyan gidaje shida, a ƙarƙashinsu kanun ma'ana dubu. Ko Bargery ma, wanda ƙamusunsa na Hausa na 1934 jerin haruffa yake bi, da ya iso kan "ƙato" bai wuce ba sai da ya jibge ɗaruruwan kalmomin da Bahaushe ke kwatanta girma da su.

Su Ibn Sida da Roget daga sama suka faro. Sun riga sun yanka duniya kashi-kashi a zukatansu, sannan suka bi kalmomi ɗaya bayan ɗaya suna nuna wa kowace wurinta. Akwai wata hanyar da ke farowa daga ƙasa, ba ta zuwa da rabon da aka riga aka yi. Tambaya ɗaya take yi, ta yi ta maimaita ta: cikin abubuwan nan da ke gabana, waɗanne biyu suka fi kama da juna?

A gwada ta da goma daga cikin dangin ƙato: gabjeje, shirgege, ribɗeɗe, rusheshe, narkeke, makeke, fankameme, tafkeke, zungurere, santalele. A rubuta kowace a 'yar takarda, a baza a tabarma. A kunnena, rusheshe da narkeke sun fi kowa kusa, don duka biyu tsoka ce da kitse da suka cika har suka zubo. A ɗora takardunsu wuri ɗaya. Yanzu abu tara ke kan tabarma, takwas a ware, ɗaya tagwaye. A sake tambaya. Gabjeje da shirgege: su ma jiki ne, amma jiki mai ƙashi, irin wanda in ya tsaya a bakin zaure ba ka ganin waje. Sai makeke da fankameme, waɗanda ba ruwansu da kauri, faɗi suke nufi, makeken fili, fankamemiyar tabarma. Tafkeke ya zo ya tarar da su, kamar a tafkekiyar gona. Ribɗeɗe ya ɗan yi jinkiri, yana duban gidan rusheshe yana duban gidan gabjeje, za mu dawo kansa. Zungurere da santalele sun daɗe ba su haɗu ba, ko da yake duk tsawo ne, domin ɗaya na ɗauke da gajiya, zungureriyar wasiƙa ba mai son karanta ta, ɗayar kuwa yabo ce tsantsa, santaleliyar budurwa. Daga nan ƙungiyoyi suka shiga haɗuwa da ƙungiyoyi, masu kitse da masu ƙashi suka zama gidan kauri, gidan kauri ya haɗu da gidan faɗi, can a ƙarshe gidan tsawo ya shigo. Haɗi tara, takardu goma sun koma tuli ɗaya. Wani Bazazzagi ko Bagobiri zai iya musa mini wasu matakan, kuma da gaskiyarsa, kunne ba awo ba ne.

Abin da ake nema ba tulin ƙarshe ba ne, wannan dama kowa ya san shi. Tarihin haɗuwar ake nema. In aka zana shi, bishiya ce ke fitowa: kalmomin goma su ne ganye, kowane haɗi mararrabar reshe ce, tsayin da mararrabar take kuma shi ke nuna irin nisan da aka ƙetare kafin a haɗa. Rusheshe da narkeke sun haɗu tun a ƙasa, zungurere da santalele sai can sama. Masana na kiran wannan zane dendogiram, aikin gaba ɗaya kuma shi ne kasa abubuwa rukuni-rukuni, hawa-hawa, kowane ƙaramin rukuni na cikin wanda ya fi shi.

Da hannu ana iya yin goma, don bibbiyu 45 ne kawai za a gwada. Kalma dubu kuwa bibbiyu 499,500 ne, nan dole a kira kwamfuta. Ita ma kwamfutar ba duk bishiyoyin da za su yiwu take dubawa ta zaɓi mafi kyau ba. Abu goma kacal ana iya ɗaura su a bishiyoyi 34,459,425 daban-daban. Abin da ke gabanta kawai take duba, ta haɗa mafi kusa, ta wuce, ba ta waiwaye. Akwai masu farowa daga sama su tsaga tulin gida biyu, su sake tsaga kowane gida, amma abu talatin ana iya tsaga su biyu ta hanya fiye da miliyan 536, shi ya sa haɗawa daga ƙasa ta fi yawa a hannun masu aiki.

Ba a kan kalmomi aka ƙirƙiro dabarar ba. Masu nazarin tsirrai da ƙwari ne suka haife ta, saboda gajiya da gardamar manya, inda kowane shehi ke cewa siffa kaza ce ta fi muhimmanci don idonsa ya gaya masa. Tushen ra'ayin na komawa ga Michel Adanson, Bafaranshen da ya yi shekaru a Senegal tun daga 1749 yana tara tsirrai, wanda sunansa ne aka laƙaba wa bishiyar kuka a harshen kimiyya, Adansonia. A littafinsa na 1763 ya gwada tsare-tsare 65, kowanne bisa siffa ɗaya, ya ga babu ɗaya da ya isa shi kaɗai, sai ya ce a duba siffofi duka. Kusan shekara ɗari biyu ra'ayin yana kwance, don lissafinsa ya fi ƙarfin alƙalami. A 1948 Thorvald Sørensen ya kasa ciyayin makiyayun Denmak da lissafi. A 1951 wasu masana lissafi a birnin Wrocław na Folan, cikinsu har da Hugo Steinhaus, suka fito da tasu hanyar. A 1957 Peter Sneath, likita a Ingila, ya yi wa ƙwayoyin bakteriya irin wannan aiki. A Jami'ar Kansas ta Amurka kuma, Charles Michener, masanin ƙudan zuma, ya ba Robert Sokal bayanan jinsi 97 na wasu ƙudajen zuma, kowanne an duba masa siffa 122. Bishiyar da lissafi ya fitar ta zo kusa ƙwarai da wadda Michener ya gina da ido da gogewar shekaru. Sokal da Sneath suka haɗa kai suka rubuta littafin da ya zama ginshiƙin fannin a 1963. Daga baya dabarar ta shiga asibiti: a shekarar 2000, Charles Perou da abokan aikinsa sun yi amfani da ita suka nuna cewa sankarar mama, da ake kira da suna ɗaya, iri-iri ce.

Yanzu a koma ga ribɗeɗe, don a kansa ne dabarar ke fara nuna cewa ba ita kaɗai ke magana ba. Nisan kalma da kalma an san yadda za a auna shi. To nisan kalma da ƙungiya fa, ko ƙungiya da ƙungiya? Amsa ta farko, ta Sneath da mutanen Wrocław, ita ce a duba mafi kusa: in ɗaya daga wannan gida ya yi kusa da ɗaya daga wancan, gidajen sun yi kusa, kamar yadda aure ɗaya ya isa ya mai da zuri'a biyu surukai ko da sauran ba su taɓa gaisawa ba. Amsa ta biyu, ta Sørensen, a duba mafi nisa: ba za a haɗa ba sai an tabbata ko waɗanda suka fi kowa saɓawa a gidajen biyu ba su yi nisa da yawa ba. Ta uku, ta Sokal da Michener, a auna kowa da kowa a ɗauki matsakaici. Ta huɗu ta Joe Ward ce, wanda a 1963 yake aikin kasa ayyukan ma'aikata ga rundunar sojan saman Amurka: a haɗa ƙungiyoyin da haɗa su zai fi kawo ƙarancin warwatsuwa. A 1967 Lance da Williams a Ostareliya suka nuna cewa dokoki irin waɗannan ƙa'ida ɗaya ce ta lissafi, lambobi kaɗan ake sauyawa. A takarda bambancin ƙarami ne. A jikin bishiya kuwa yakan kai ribɗeɗe wannan gida yau, gobe wancan.

Dokar mafi kusa tana da wata ɗabi'a da masu lissafi ke ƙorafi a kanta, wato yin sarƙa. Kalmomi sun fi komai nuna ta. Kunya tana kusa da kara, wannan ba musu. Kara tana kusa da kawaici. Kawaici ɗan'uwan haƙuri ne, haƙuri na juriya, juriya ta ƙarfin hali. Mai ƙarfin hali in ya ɗan zarce sai a ce yana da tsaurin ido, tsakanin tsaurin ido da rashin kunya kuwa ko taki ɗaya babu. Kowane mataki gajere ne, kowanne gaskiya ne, amma ga kunya da rashin kunya a rukuni ɗaya. Dokar mafi nisa ba za ta taɓa yarda da haka ba, za ta yanke sarƙar gida biyu ko uku, kowane gida ƙanƙane, a dunƙule. Ita kuma laifinta, takan raba abin da ke haɗe da gaske don kawai ya yi tsawo. Dokar Ward tana son rukunai masu kusan girma ɗaya, ko da abin da aka ba ta ba haka yake ba.

Ni dai ina ganin an cika zagin dokar sarƙa. Ga mai kasa ƙwayoyin cuta sarƙa aibi ce, amma ma'anar kalma sau da yawa da sarƙa take yaɗuwa. Wittgenstein, a littafinsa da aka buga a 1953 bayan rasuwarsa, ya kawo misalin wasanni, ya ce in ka neme su da siffa ɗaya da duk suka yi tarayya a kanta ba za ka samu ba, kamanni ne kawai ke ratsa juna. Hausa ta ma fi ba shi gaskiya. Wasan dara da wasan ƙwallo akwai ci da faɗuwa, wasan kwaikwayo babu, wasan yara na ƙasa ba mai kallo, abokin wasa kuwa, irin na Bakatsine da Banufe, ba filin da ake zuwa a yi shi. Dokar mafi nisa za ta ce kalmomi huɗu ne suka ari riga ɗaya. Mai harshen ya san kalma ɗaya ce.

Duk wannan ma bayan an yarda da abin da ake kira kama ne. A tabarma kunne na yi amfani da shi. Kwamfuta ba ta da kunne, sai an gaya mata abin da za ta ƙirga. In aka ce ta ƙirga haruffa nawa za a sauya kafin wannan kalma ta koma waccan, awon da Vladimir Levenshtein ya tsara a Rasha a 1965, to fara da fari da fira 'yan ɗaki ɗaya ne, kuma mun koma gidan jiya, auduga kusa da aure. Sai aka bi shawarar masana harshe irin su Zellig Harris a 1954 da J. R. Firth a 1957, cewa a gane kalma ta abokan zamanta, wato kalmomin da ke zuwa gabanta da bayanta. A 1992 Peter Brown da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka ba kwamfuta rubutun Ingilishi mai kalmomi fiye da miliyan 365, ba ƙamus, ba nahawu, suka ce ta haɗa kalmomi daga ƙasa zuwa sama bisa maƙwabtansu. Ranakun mako suka taru wuri ɗaya, watannin shekara wuri ɗaya. Babu wanda ya gaya mata mece ce Litinin. Abin ya burge mutane, kuma ya cancanci burgewa.

Amma duba abin da wannan awo zai yi da Hausa. Ruwan zafi, ruwan sanyi. Ana zafi, ana sanyi. Zafi ya yi yawa, sanyi ya yi yawa. Duk inda zafi ya zauna sanyi na iya zama, don haka su ne za su fara haɗuwa, tun kafin zafi ya haɗu da ɗumi. Haka fari da baƙi, haka saye da sayarwa. A ce kuskure ne? Ba lallai ba. Kishiyoyi sun yi tarayya a komai sai abu ɗaya, zafi ya fi kusa da sanyi a kan yadda ya yi kusa da takalmi. Sai dai marubucin da ya zo neman wata kalma a madadin "zafi" aka miƙa masa "sanyi" ba zai yi godiya ba. Awon ya amsa tambaya, ba dai tambayarsa ba.

Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane, kuma a kan wannan gaɓa ce aka fi kai ruwa rana da almajiran Sokal da Sneath. Domin zanen yana kama da salsalar zuri'a, ido na ganinsa sai zuciya ta karanta haihuwa, ta ɗauka kowace mararraba kaka ce. A jera kada da guza da kaza, a ƙirga siffofi: ƙafa huɗu, jela, fata mai ɓawo, jan ciki. Kada da guza za su haɗu tun a ƙasa, kaza tana gefe. Amma a wajen asali, kada ya fi kusa da kaza a kan guza. Tsuntsu ne ya yi nisan tafiya ya sauya kama, su biyun suka tsaya kusa da siffar kakanni. Willi Hennig, Bajamushe masanin ƙudaje, shi ya dage tun a littafinsa na 1950 cewa ba kowace kama ke shaidar dangantaka ba, sai sabuwar siffar da aka gada tare. A fagen tarihin halittu ra'ayinsa ne ya yi rinjaye.

Harsuna sun fi dabbobi rikitarwa a nan, don kada ba ya aron jela wurin guza, harshe kuwa da aro yake rayuwa. A ɗauki Hausa da Suwahili a ba kwamfuta waɗannan: ashirin da ishirini, talatin da thelathini, arba'in da arobaini, duniya da dunia, labari da habari, Alhamis da Alhamisi. Za ta ɗaura su a reshe ɗaya ba tare da wata-wata ba. Alhali Suwahili harshen Bantu ne, abin da ya haɗa su kawai shi ne rijiya ɗaya suka ɗebo, Larabci. Wani abin da ya ƙara dagula lissafin, Hausa tana da dangantaka ta jini da Larabcin, mai nisa ƙwarai, wadda ake hango ta a kalmomi irin su mutu da suna da me. Kama iri biyu ke nan tsakanin harsuna biyu, ɗaya ta gado ɗaya ta aro, kuma a idon mai ƙirga duk maki ɗaya ne. Don kauce wa haka Morris Swadesh ya tsara jerin kalmomin da ba a cika aro ba, irin su ido da wuta da ruwa da biyu, guda 200 a 1952, ya rage su zuwa 100 a 1955, aka shiga zana bishiyoyin harsuna da su. Ya taimaka, bai warkar ba. Dokar matsakaici, in za a karanta ta a matsayin tarihi, sai an ɗauka duk harsuna gudu ɗaya suke yi wajen sauya kalmomi, alhali tun 1962 Bergsland da Vogt suka nuna harshen Aisland ya riƙe tsofaffin kalmominsa fiye da yadda lissafin ya zata.

Zaɓen siffar da za a duba ya taɓa Hausa kai tsaye. A 1912 Carl Meinhof ya tara Hausa da Fulatanci da Masai da Nama da wasu a rukunin da ya kira na Ham, bisa wasu siffofin nahawu da kuma ra'ayin launin fata da ke yawo a Turai a lokacin. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, shi ya rushe wannan gini, ya mai da Fulatanci wurin 'yan'uwansa Serer da Wolof, ya sa Hausa cikin harsunan Cadi, reshe ɗaya na babban gidan da ya haɗa Larabci da harsunan Berber da tsohon harshen Masar. A 1977 Paul Newman ya kasa harsunan Cadi, waɗanda suka kai kimanin 150, rassa huɗu. Hausa tana reshen yamma, Gwandara ce mafi kusa da ita, sannan su Bolanci da Tangale da Angas da Ron. Bahaushen da ya tashi da Fulani a unguwa ɗaya, bai taɓa jin Ron ba, zai yi mamaki.

Akwai tambayar da ta riga duk waɗannan, kuma ita aka fi tsallakewa: shin abin da ake kasawa bishiya ne tun farko? Dabarar ba ta taɓa cewa a'a. Ko lambobin caca ka zuba mata, za ta haɗa biyun da suka fi kusa, ta ci gaba har ta miƙo maka bishiya mai rassa kyawawa. Bishiya kuma tana da sharaɗi mai tsauri. Ɗauki kowane abu uku a jikinta: biyu sun riga haɗuwa, na ukun nisansa da kowannensu ɗaya ne, tunda a mararraba ɗaya yake tarar da su. To ga sanyi da ɗumi da zafi. In ɗumi ya fara haɗuwa da zafi, bishiya ta ce nisan sanyi da ɗumi daidai yake da nisan sanyi da zafi, duk wanda ya taɓa sirka ruwan wanka ya san ba haka ba ne. Waɗannan a layi suke. Wasu kuma a da'ira: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, isha, tsakar dare, sai asuba kuma. Bishiya dole ta tsinka da'irar a wani wuri, ta raba maƙwabta biyu ta jefa su rassa masu nisa. Tun 1962 Sokal da Rohlf suka ba da hanyar gwada nisan da ke jikin bishiya da nisan asali, a ga yawan abin da aka murɗe. Ba kowa ke damuwa ya yi gwajin ba. Ga kuma wata yaudarar ido: kowace mararraba ana iya juya ta, dama ta koma hagu, bishiyar ba ta sauya ba. Kalmominmu goma ana iya jera su a ƙasan zane ta hanya 512, don haka zaman ganye biyu kafaɗa da kafaɗa ba ya nufin komai sai an bi reshe an ga inda suka haɗu.

Karin harshen Hausa irin wannan ƙasa ce da bishiya ba ta kamawa sosai. Sakkwato na cewa "na" da "ta" inda Kano ke cewa "ne" da "ce". Nan biyar, can biyat, wani wurin biyal. Zazzau da Bauchi sun sassauta bambancin namiji da mace a nahawu. Kowace siffa da inda iyakarta ta tsaya, iyakokin kuma ba sa hawa kan juna, shi ya sa Katsinanci ke ba masu rabo wahala, wani abin nasa na yamma, wani na gabas. Johannes Schmidt ya faɗi irin wannan game da harsunan Turai tun 1872, ya ce sauyi yaɗuwa yake yi daga wuri zuwa maƙwabtansa, ba tsagewa ba. Mutanen da ke cin kasuwa ɗaya suna auren juna ba sa rabuwa irin rabuwar rassa.

Babbar wahalar kalma a jikin bishiya ita ce ganye ɗaya aka ba ta, kuma in an haɗa ba a warwarewa. Roget yakan sa kalma ɗaya a wurare da yawa, dabarar haɗawa ba ta da wannan sassauci. Rubutun boko ya ƙara mata nauyi, tunda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: kuka ta miya da kuka na hawaye, gari na zama da gari na tuwo, wuya na jiki da wuya ta rayuwa, duk ganye ɗaya ne a wurin kwamfuta, balle in mai buga rubutun ya yar da ƙugiya, baƙi ya koma baki. Waɗannan ma masu sauƙi ne, kalmomi biyu ne da rubutu ya haɗe. Ina za a kai "ci"? Ci tuwo zai ja ta wurin sha da tauna da haɗiya. Ci zaɓe da ci jarrabawa za su ja ta wurin nasara. Ci amana da ci mutunci da ci zarafi na wurin cuta. Ga ci bashi, ga ci sarauta, ga kasuwa ta ci, ga wuta ta ci, ga ci gaba. In aka tilasta mata gida ɗaya, za ta zauna a matsakaicin duk waɗannan, wurin da babu Bahaushen da ya taɓa amfani da ita.

Mafitar da Hinrich Schütze ya gwada a 1998 ita ce a daina kasa kalmomi, a kasa wuraren da kalma ta fito. A tara jimloli dubbai masu ɗauke da "ci", kowace jimla ta zama ganye, a bar su su haɗu bisa abokan zamansu. Jimlolin tuwo da shinkafa za su nemi juna, na kotu da tara su nemi juna, na ƙwallo da zaɓe su nemi juna. Bishiyar da za ta fito ta kalma ɗaya ce, rassanta ma'anoni.

Nan sai tambayar da kowane mai ƙamus ya sha fama da ita ta dawo: ma'ana nawa "ci" take da su? Bishiya ba ta ba da lamba. Sai an ja layi an gitta ta, rassan da layin ya yanka su ne rukunai. A ja shi can sama, ma'ana biyu ko uku ne, ta baki da wadda ba ta baki ba. A sauko, ci zaɓe ya rabu da ci amana. A ƙara saukowa, ci amana ya rabu da ci mutunci, har a kai inda kowace jimla ma'anar kanta ce. Masu lissafi na ba da shawarar a yanka inda aka sami dogon reshe ba mararraba, wato inda haɗi na gaba sai an yi babban tsalle, kuma in irin wannan gibi ya samu shawara ce mai kyau. A kalmomi irin "ci" ba kasafai yake samuwa ba, rassan a jere suke kusa-kusa tun daga ƙasa har sama. Abin da ke yanke hukunci a aikace shi ne wanda ake yi wa ƙamusun da kuma kuɗin takarda. Na 'yan firamare zai yanka a sama ya ba "ci" layi uku. Na mai fassara a kotu ko gidan rediyo dole ya sauko ƙasa sosai, don a can bambancin ci bashi da ci amana shi ne shari'ar gaba ɗaya.